Gyaran Murya a Bayan Liman

Wana ya gaji limancin masallacin unguwarmu daga mahaifinmu, ni kuma na ɗora wa kaina tsayuwa a bayansa. Ba wanda ya naɗa ni. Da na ajiye aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na dawo ƙauyenmu, can gefen Tajaye, sai na tarar ana ta ƙunƙuni a kansa, wasu a ɓoye, wasu ma ba sa ɓoyewa. Na duba na ga in ban shiga maganar ba, limancin da ya daɗe a gidanmu zai bar gidan da rana tsaka.

Karatu dai yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya ja baƙi da asuba ko magariba, ba ya tuntuɓe ko a wasali ɗaya, kuma muryarsa har yau tana nan da daɗinta. Matsalar tana ga azahar da la'asar, sallolin da ake karatu a ɓoye. Da zarar ya yi shiru, shi ke nan, hankalinsa ya sulale ya bar mu da gangar jiki. Wata rana ya zauna a raka'a ta uku yana zaton ta huɗu ce. Wata rana ya tsallake zaman tahiyar farko ya miƙe abinsa. Wata rana kuma ya yi ruku'u ya manta da mu a duƙe, har ka ji tsofaffi suna nishi, ƙugu na ƙara. Sai a yi ta “Subhanallah!” daga sahu, wasu ma da irin muryar da ake korar jaki daga gona suke faɗa. Daga nan sai sujada biyu ta gyaran mantuwa, ko kabli ko ba'adi. Har samarin unguwa suka fara cewa sallar masallacinmu irin awon gero ce, ba ta zuwa sai da gyara a kai.

Ni kuwa shekara talatin na yi a gaban allo, kuma ba abin da na tsana irin in ga ido a buɗe babu kowa a bayansa. Daga nesa nake gane wanda ya tafi ya bar jikinsa a kan banci. Sai ga shi na dawo gida in huta, na tarar da babban ɗalibina yana jirana da farin gemu, kuma wanda ba ni da ikon ɗaga wa murya, don ya girme ni da shekara tara.

Wata rana bayan la'asar na bi shi har zaure. A wajenmu Mushe ake ce wa malamin lakwal, shi ma haka yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce, “Yaya, don Allah ina kaka zuwa in ka yi kabbara?”

Ya ce, “Ban zuwa ko'ina, Mushe.”

“To mi ya hwaru yau?”

Ya shafa gemu, kamar na tambaye shi wata mas'alar gado. Can ya ce, “Yau kam na tuna gugar nan da munka sake cikin rijiyar gidan kaka. Kai ka sake ta, ni anka buga. Ina tunanin ko tana nan ƙasa hal yanzu.”

Gugar da ta faɗa rijiya tun ban yi kaciya ba! Mutum arba'in a bayansa, shi yana can ƙasan rijiya yana lalube. Wani lokaci kuma in na tambaye shi sai ya ce wallahi ba tunanin komai ya yi ba, kawai dai ya ga kansa a zaune bai san yadda aka yi ba. Wannan amsar ta fi ba ni tsoro, ta kuma fi ba ni haushi, don ita ba ta da inda za ka kama.

Na matsa masa lamba har ya yarda muka tafi Yamai a duba kansa. 'Yata ce ke aikin jinya can, ita ta sama mana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Tun daga tashar Ƙwanni har muka sauka, abu ɗaya yake maimaitawa, wai wa zai ba akuyoyinsa harawa. A asibitin aka ce ya cire hula, aka shafa masa wani abu mai danƙo a kai, aka manna masa wayoyi ƙanana da yawa, suna tafiya zuwa wata na'ura. Layuka suka yi ta gudu a kan gilashi, suna hawa suna sauka. Aka ce ya rufe ido, ya buɗe, ya ja numfashi da ƙarfi. Ni ina gefe ina kallon layukan nan kamar zan ga inda gugar take.

Likitan, wani mai sanyin magana, ya ce ba farfaɗiya ba ce, ba kuma wani ciwo ya gani ba. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta zama wuri ɗaya. In jiki yana yin abin da ya riga ya haddace, sai wani sashe nata ya samu sarari ya tafi tsohon tunani ko shirin gobe. In kuma mutum ya gaji, wani ɗan yanki nata yakan yi gyangyaɗi na ƙiftawar ido alhali mutumin yana tsaye idonsa biyu, shi ne sai ya farka bai san me ya wuce ba. Ya ce wa Yaya ya riƙa samun barci isasshe, kada ya riƙa tahowa daga gona kai tsaye ya shiga gaban sahu da zafin rana a kansa. Sannan ya juyo wurina ya ce ai kowa yana da wannan, har ni. Na yi murmushin ladabi kawai. A raina na ce wannan bai san da wa yake magana ba.

Abin da Yaya ya ɗauko daga tafiyar nan duka jimla ɗaya ce: “Ka ji dai, lahiyata lau.” Barcin rana bai yi ba, gona bai rage ba. Ni kuma abin da na ɗauko shi ne tunda babu magani, to sai in zama maganin.

A motar dawowa na shirya dabarar. Na ce masa abin da ke zubar masa da girma shi ne wannan “Subhanallah” da ake yi masa da ƙarfi kowa na ji. To ni zan riƙa tsayawa daidai bayansa, in riƙa ƙidaya. In na ga zai zauna inda ya kamata ya tashi, ko zai tashi inda ya kamata ya zauna, ko ya daɗe a duƙe, sai in ɗan gyara murya a hankali, yadda shi kaɗai zai gane. Kafin wani ya lura, ya riga ya gyara. Da farko ya ƙi. Ya ce malamai sun yi magana a kan gyaran murya cikin sallah, kuma shi bai son wasa da abin da ba na wasa ba. Na ce to ya zaɓa, ko gyaran muryata ko bakin samarin unguwa. Muna wuce Dogondutsi ya ce in dai don buƙata ce, da sauƙi.

Dabarar ta yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Ƙunƙuni ya kwanta. Aka fara cewa tafiyar Yamai ta yi amfani, wasu har suna tambayata sunan ƙwayar da aka ba shi. Shekara uku muna haka, ba wanda ya sani sai ni da shi. Amma fa ni na san abin da na sha. Ban isa in makara ba, don kada wani ya riga ni wurin. Ban isa in tafi kasuwar Illela in kai la'asar ba. Mura ma ban isa in yi ba, don tari ɗaya na gaskiya zai iya tayar da liman daga zaune. Sallata kuwa, Allah dai ya karɓa, amma gadi ce ta zama. Mutane suna ganawa da Ubangijinsu, ni ina kallon dugadugan wana ina cewa ɗaya, biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maimakon ya gyaru sai ya ƙara sakin jiki. Na lura duk ƙarshen raka'a yana ɗan dakatawa, ya karkato kunne, yana saurarona kafin ya motsa. Na yi masa magana.

“Yaya, kai ma ka riƙa ƙilgawa mana. Ni taimako nika yi, ba ni ka limanci ba.”

Ya ce, “Ina ƙilgawa. Sai dai naka ya hi nawa.”

Na ji daɗin maganar, in faɗi gaskiya. Ban tsaya na duba abin da ke cikinta ba.

A bazarar shekara ta uku aka yi rasuwa a dangin matata a Badagishiri, dole na tafi na kwana biyu. Ina dawowa na tarar an yi ɓarna: ba'adi ranar farko, kabli rana ta biyu, har da ruku'un da wani tsoho ya gaji ya zauna abinsa. Washegari bayan azahar dattawa suka ce a ɗan tsaya a gindin bedi, itacen dogon-yaron da ke ƙofar masallaci. Wanda ya yi magana da yawunsu wani Alhaji ne mai motocin dakon albasa, shi ya yi wa masallacin rufin kwano. Ba mugun mutum ba ne, amma yana da suruki da ya dawo daga karatu yana zaune ba abin yi, kuma kowa ya san inda maganar ta dosa.

Ya ce, “Malam, mu ba mu da abin hwaɗi sai godiya, kai da mahaihinku. Amma sallah ba tamu ba ce balle mu yi kara da ita. Mun yi shawara. In anka sake ko sau guda, sai ka huta, a samu mai jini a jika shi kama maka.”

Yaya ya ce, “To, madalla.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuma da nake ganin kaina mai baki, na buɗe baki ban sami komai ba. Aka watse. Na koma gida abinci ya ƙi shiga, ina ta juya maganar, ina jin haushin Alhaji, ina jin haushin Yaya da “madalla” ɗinsa, na fi jin haushin kaina da na tsaya kamar gunki.

La'asar ta yi. Zafi kamar a toya ƙwai a kan kwanon rufi, masallaci kuma ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga, har waɗanda ba su saba zuwa ba sun zo ganin ƙwal. Na tsaya a wurina, ladan yana damana, wani tsoho da ya yi wa mahaifinmu ma ladanci. Na ce a raina yau ko ƙuda bai isa ya ɗauke mini hankali ba. Aka yi kabbara. Na ƙidaya ɗaya. Muka tashi ta biyu.

A nan ne amsar da na rasa a gindin bedi ta zo mini, cikakkiya, da kanta da ƙafafunta. Na ga kaina tsaye gaban dattawa ina tambayar Alhaji: wa ya yi wa mahaifinka wanka da sallah? Wa ya raɗa wa 'ya'yanka tara suna? Wace shekara aka yi fari mutumin nan ya bar garin ya tafi cin rani ya bar ku ba liman? Alhaji ya fara kame-kame, na tare shi. Na kawo maganar likita, na yi musu bayanin ƙwaƙwalwa dalla-dalla, har da Faransanci na saka inda Hausa ta gaza. Na juya kan surukin na yi masa tambaya biyu a kan hukuncin mantuwa ya kasa. Jama'a suna ta gyaɗa kai. Alhaji ya cire hula yana ba da haƙuri, ni kuma ina nuna dattaku ina cewa ba komai, ya wuce. Duk wannan jikina yana ruku'u yana sujada tare da mutane, bai nemi izinina ba.

Da na dawo, sai na ga Yaya zaune, ya shimfiɗa hannu a cinya zai fara tahiya. A lissafina uku muka yi. Ban tsaya tantama ba, don ni ban saba tantama da kaina ba. Na gyara murya.

Na ga kafaɗunsa sun motsa. Ya ɗan jima a zaune, fiye da yadda ya saba. Sannan ya dafa ƙasa ya ce “Allahu akbar,” ya yunƙura. Na miƙe tare da shi.

Masallaci ya ɗauka gaba ɗaya: “Subhanallah! Subhanallah!” Ladan bai motsa daga zaune ba. Na saci kallo dama da hagu, sahu duk a zaune, ni kaɗai ne tsaye sai wani kurma a can ƙarshe da ke bin abin da ya gani. Nan take na san abin da na yi. Huɗu ce. Raka'a guda cur ta wuce ina can ina kayar da Alhaji.

Yaya ya ji hayaniyar ya fara komawa ƙasa, sai ya tsaya a tsakiya. Bai miƙe ba, bai zauna ba, gwiwa a lanƙwashe, hannu ɗaya yana lilo, kunnensa a karkace ta wajena. Mutum fiye da arba'in suna gaya masa gaskiya da babbar murya, shi yana jiran abin da zan ce. Ni kuma ko da zan gyara muryar ban san me za ta nufa ba yanzu. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, amma ya isa kowa ya gani ya ƙoshi. Daga baya ya sulale ya zauna, na bi shi. Ya yi tahiya, ya sallame, ya yi sujada biyu, ya sake sallamewa.

Ba a ma fita gindin bedi ba. Tun ana shafa addu'a na miƙe na ce a saurare ni. Na faɗi komai: tafiyar Yamai, dabarar mota, shekara uku na gyaran murya. Na ce yau Malam daidai ya yi, ni na tashe shi, ni hankalina ya tafi, in akwai wanda za a ce ya huta to ni ne.

Sai Alhaji ya girgiza kai, idonsa har ya kawo ruwa, ya ce, “Allahu akbar. Ku ga zumunci. Mushe, Allah shi yi maka albarka, Allah shi ba mu ƙannai irinka. Amma wagga magana ba ta kara ba ce.”

Na ce, “Wace kara? Wallahi gaskiya nika hwaɗa muku! Ku tambayi ladan, kusa gare ni shike, ai yana jina.”

Ladan ya ce, “Awo, ina jin kana ƙyaƙyat-ƙyaƙyat kullum. Ni cewa nike allin lakwal na ya ci maka maƙoshi. Hal na so in kawo maka citta.”

Aka yi dariya. Ni da furfurata na tsaya tsakiyar masallaci ina gwada musu yadda nake yi, ga na tashi, ga na zama, alhali duk sauti ɗaya ne. Ina yi suna ƙara tausaya mini. Wani ma ya ce kaico, da Mushe yana da karatun da ya kai, ai da shi za a sa, mutumin da ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ya yi mantuwa ba. Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo irin wannan ba. Na juya ga Yaya na ce ya yi magana, ya gaya musu. Bai ko dube ni ba. Ya ce wa dattawa ya gode, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya nemi gafarar duk wanda ya ɓata wa sallah. Ya duƙa ya naɗe buzun da yake sallah a kai, ya saƙala a hammata, ya nemi takalmansa. Surukin Alhaji ne ya ja magariba.

Washegari da hantsi na same shi a bayan gida yana zuba wa akuyoyi ruwa. Na yi sallama, ya amsa kamar ba abin da ya faru, har yana tambayata ya gajiyar Badagishiri. Na so a ce ya zage ni. Da ya ɗaga murya da na samu abin riƙewa.

Na ce, “Yaya, don mi ba ka hwaɗa musu ba?”

Ya ce, “In ce mi? In ce shekara ukku ba ni ka ja musu sallah ba, maƙoshinka na? Wanga ya hi wancan muni.”

Sannan na tambayi abin da ya hana ni sukuni. “Jiya nawa ka ƙilga?”

“Huɗu.”

“Ka tabbata?”

“Jiya kam ban tahi ko'ina ba, Mushe. Maganar Alhaji ta shige ni. Tun kabbara ina nan, kowace raka'a na riƙe ta da hannu biyu. Rabon da in yi sallah irin ta jiya na manta.”

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a kansa, abin da ban taɓa yi ba. “To don mi ka tashi? Kai da ka san hukunci! Liman in ya tabbata ai ba shi bin kowa!”

Ya ajiye bokitin ya dube ni. Ya ce, “Na tabbata hal sa'ad da na ji ka. Da na ji ka, sai na daina tabbata.”

Damina biyu ke nan da yin wannan. Sabon liman yana da ƙoƙari, ba na ce ba, kuma ya kan yi tasa mantuwar jefi-jefi, a yi masa tasbihi ya gyara, ba wanda ya ce uffan. Na koma wurin Alhaji sau biyu ni kaɗai, duk ya sallame ni da addu'a da yabon zumunci, har na daina zuwa don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Yaya yana zuwa masallaci a kan lokaci, ya tsaya can ƙarshen sahu wajen ƙofa, a sallame ya fita.

Kwanan baya matarsa ta tare ni a zaure, ta ce tana da magana. Ta ce in na san wani likitan in taimaka, don abin ya fara isarta. Na ce me ya faru, hankalin ne ke ƙara tafiya? Ta ce ina, ai da wannan ne da sauƙi.

“Yanzu ko nahila shika yi cikin ɗaki shi kaɗai, raka'a biyu tak, in ya sallame sai shi waiwayo shi ce mini, ‘Nawa na yi?’ In ce, Malam, ni ina tuƙin tuwo, ina zan sani? Sai shi tashi shi sake.”